Mai Hoton Malam-Buɗe-Littafi

Shekarar da aka gama yaƙin basasa Salmanu ya dawo Yasore. Motar 'yan kasuwa ce ta sauke shi a Batsari, ya ƙarasa da ƙafa, jakar soja a kafaɗa, wani ɗan akwatin fata rataye a wuya. Mata suka yi guɗa, aka yanka bunsuru. Mahaifinsa Malam Ƙasimu, limamin unguwarsu, ya yi doguwar addu'a. Salmanu ya gaisa da kowa yadda ya kamata, ya ɗan taɓa abinci, ya shige ɗaki.

Da zai tafi, saurayi ne mai surutu, wanda in ana gayya ba a jin muryar kowa sai tasa. Ya dawo da hannu da ƙafa lafiya, amma surutun ya baro shi can. Matarsa Ma'u, wadda ba su daɗe da aure ba ya shiga soja, ta yi ta jiran ranar da zai zauna ya ba ta labari. In ta ɗan taɓo maganar sai ya ce, "An gama, Ma'u. Mu gode Allah." Daga nan ya ɗauki fartanya ya fita, ko da kuwa babu aikin yi a gona.

Ba a jima ba aka gano abin da ke cikin akwatin fatar. Kyamara ce. A wancan zamanin mai son hoto sai ya je Katsina, ko ya jira mai hoton da kan zo Batsari da Salla ya kafa baƙin ƙyallensa a gindin bedi. Don haka mutane suka yi ta zuwa ƙofar gidan Malam. Mai sabon keke ya zo, ango ya zo, har mai unguwa ya aiko. Salmanu ya ba kowa haƙuri. Wasu suka ce girman kai ya koyo a bariki, wasu suka ce abin lalatacce ne yake rataya don a gani.

Ma'u kaɗai ta ji dalili, shi ma sau ɗaya. Tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida da hantsi, yana zaune a bakin ƙofa yana goge kyamarar da tsumma, sai ta ce, "Malam, ko ni ba za a ɗauka ba?"

Ya ajiye tsumman. Sannan ya ce, "Aikin da aka sa ni ke nan a can. Ina bin wani hafsa mai ɗaukar hoto, ni ke riƙe masa kaya, har ya koya mini. Waɗanda suka mutu muke ɗauka, don a gane su a sanar da gida. Da za mu rabu ya bar mini wannan. In na leƙa ta cikinta na ga mutum ya tsaya cik ba ya motsi, waɗancan nake gani."

Ba ta sake tambaya ba. Ta ci gaba da ɓararta, hawaye na ɗiga cikin ƙwarya.

Mutum guda da Salmanu ke jin daɗin zama da shi shi ne Manu, abokinsa tun ƙuruciya, Bafillacen da rugarsu ke bakin dajin Rugu. Kowane rani shanunsu a gonar Malam suke kwana don taki. Manu ba mai tambaya ba ne. Yakan zo ya dogara sandarsa ya ce, "Kaɗo, tashi mu tai," su bi shanu wuni guda ba su yi magana mai tsawo ba. A lokacin daji daji ne kawai. Mutum zai shiga tun safe ya fito da almuru, abin da zai tsorata shi bai wuce kura ko maciji ba, in ƙishirwa ta kama shi kowace ruga ya tsaya za a miƙo masa nono.

Bazarar da ta biyo baya ta yi zafi ƙwarai. Sai wata rana da la'asar gabas ta haɗa, iska ta taso, aka sheƙa ruwan farko. Ƙasa ta yi ƙamshi har cikin ɗakuna. Kafin mako ya zagayo sabara da kalgo sun fara tofo, ciyawa ta leƙo kamar gashin jariri.

Wata safiya Salmanu da Manu suka kora shanu mashaya, wani kwari mai yashi a ƙarƙashin manyan itatuwan kanya, inda ruwa kan kwanta. Shanu suka sha suka hau tudu. Salmanu ya sauka zai wanke fuska, sai ya tsaya. A kan lakar da shanu suka tattake suka yi fitsari, malam-buɗe-littafi ne suka sauka, sun rufe wurin kamar an shanya tsumma kala-kala. Farare, masu ruwan ƙwai, wasu farare masu jan baki a fiffike kamar an tsoma su cikin lalle. Sun jeru kusa da kusa suna tsotsar laka, fikafikai na buɗewa suna rufewa.

"Mi kake kallo haka?" in ji Manu daga tudu.

"Zo ka gani."

Manu ya leƙo, ya yi dariya. "Waɗanga? Ai kowace shekara suna nan. Gishirin fitsarin nagge suke bi. Yau ka fara ganinsu?"

Salmanu ya ci gaba da kallonsu. Ya taɓa ganinsu mana, tun yana yaro suna bin su da reshe. Amma yau ya ga abu mai rai da ba ya tsayawa cik ko da ya sauka. Washegari ya zo da kyamara.

Akwai ragowar fim a cikinta tun daga bariki. Ya tunkare su a tsaye, suka watse. Ya jira suka dawo, ya sunkuya, inuwarsa ta faɗa kansu, suka sake tashi. Daga ƙarshe ya kwanta rub da ciki a cikin laka ya riƙa jan jiki da gwiwar hannu, yadda aka koya musu a soja. Manu ya yi dariya har ya zauna ƙasa.

"Wallahi in mutanen gari suka gan ka, ɗaure ka za su yi. Ɗan liman guda, yana rarrafe wa ƙwari!"

Salmanu ya ɗago, laka har gemu, shi ma ya fashe da dariya. Manu ya ce daga baya, tun da abokinsa ya dawo ranar ce ya fara ganin haƙoransa.

Da fim ya ƙare ya shiga mota ya kai Katsina, wurin wani mai hoto da ake kira Gambo, mai shago a bayan kasuwa. Gambo ya wanke, ya shimfiɗa hotunan a kan tebur, ya dube su ya dubi Salmanu.

"Soja, laka ka kawo mini in wanke maka? Ga laka, ga laka, wannan ƙafar saniya ce. Wannan farin dishi-dishin fa?"

"Malam-buɗe-littafi ne."

Gambo ya zaci wasa yake. Da ya ga da gaske ne, sai abin ya ba shi sha'awa, don ya ce ya gaji da fuskokin angwaye da masu neman aiki. Ya binciko wani ɗan gilashi a cikin akwatinsa, wanda ake ɗaurawa a bakin kyamara don ƙaramin abu ya fito babba, ya ce ya je da shi, in ya gama ya dawo masa da shi. Ya nuna masa yadda zai kafa gwiwar hannu a ƙasa, ya riƙe numfashi kafin ya danna.

Sauran dabarun a mashaya ya koye su. Manu ya ce masa da sassafe jikinsu a mace yake, sai rana ta ɗan taɓa su suke samun ƙarfi. Sai ya riƙa fita bayan asuba, ya tarar da su maƙale a jikin ciyawa, raɓa a fikafikansu, suna jiran hantsi. Ya gane cewa mai ruwan goro, mai baƙin gefe da fararen ɗigo, ba ya nisa da tumfafiya. Babban nan baƙi mai zanen rawaya kuwa, a gindin lemun tsamin da ke bayan masallaci ake samunsa. Akwai wani baƙi ƙirin mai shuɗin tabo a kowane fiffike, wanda ke son sauka a tsakiyar turba, in an kore shi ya zagaya ya dawo daidai inda ya tashi. Wannan ya fi ba shi wahala, don da ka matso sai ya rufe fikafikai ya zama kamar busasshen ganye.

Hotunan karo na biyu sun fito tas, har gashin ƙafafunsu ana gani. Amma da ya kawo su gida ransa bai yi daɗi ba. Hoton wancan lokaci baƙi da fari ne. Ya zube su a kan tabarma ya ce, "Ba su ba ne. Kamar toka."

Ma'u ta ajiye hular da take ɗinki ta ɗauki guda. Ita gwanar zare ce, mutane har daga Karare suke kawo mata aikin hula.

"Wannan wane launi ne?"

"Rawaya."

"Rawaya iri nawa ce, Malam. Ta ƙwai, ko ta furen kabewa, ko ta gangamau?"

Ya yi tunani. "Ta furen kabewa. Amma wajen gindin fiffiken ta fi haske, kamar an sirka da nono. Gefen kuma ba baƙi ba ne sosai, kamar dai bayan tukunya da ba ta daɗe a wuta ba."

"Wannan fa?"

Ya gyara zama ya fara bayani. Ya faɗi launinsa, ya faɗi inda ya same shi, ya faɗi yadda wata karsana ta kusa taka masa kai yana kwance. Rana ta yi sama, tuwon rana ya makara, yana ta magana. Ma'u ba ta katse shi ba sai da wata tambayar.

Kashegari ta jiƙa gangamau, ta dafa zoɓo, ta ɗebo shuni da galurar da take rina zare, ta fige gashin zabuwa ta gyara bakinsa. Gwajin farko bai yi ba, takardar tana da santsi, ruwan ya dunƙule ya gangare. Da Salmanu ya koma Katsina ya faɗa wa Gambo, sai Gambo ya buga masa a wata takarda marar sheƙi mai shan ruwa. A kanta launi ya zauna. Tun daga nan aiki ya zama na mutum biyu. Shi ya kwanta a laka ya ɗauko, ita ta zauna a inuwar rumbu ta mayar musu da rigunansu, yana tsugune a gefe yana cewa ƙara kaɗan, ya isa, a'a wannan ja ya yi yawa. Wani lokaci su yi gardama har ta ture masa gashin zabuwar ta ce ya yi da kansa.

Magana ta kai kunnen Malam Ƙasimu, don wasu dattawa sun je sun ce bai dace ɗan liman ya riƙa yin surar abu mai rai ba. Ya kira ɗansa zaure bayan la'asar, ya ce a kawo masa hotunan ya gani. Ya sa tabarau ya duba su ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba.

"Kana cin abinci yanzu, an ce."

"Ina ci, Baba."

"Barci fa?"

"Da sauƙi."

Malam ya tattara hotunan ya miƙa masa. "Kada ka rataya su inda ake salla. Ban da wannan, je ka. Tun da an ce malamai ne, ni ba zan shiga tsakaninka da abokan aikina ba."

Damina biyu suka yi a haka. Sai shekarar fari ta zo, ta saba'in da uku. Bazara ta wuce lokacinta, hadari ya haɗu ya watse, ya sake haɗuwa ya watse. Ruwan da aka samu bai kai ya jiƙa mashaya ba. Salmanu ya je ya tarar da yashi fari fat, sai 'yan farare biyu-uku suna yawo kamar sun ɓata hanya. Gero ya tsaya a gwiwa ya bushe. Shanun Manu suka fara faɗuwa, tun ana sassaƙo musu ganyen itatuwa har itatuwan suka ƙare. Da kaka, wadda ba kaka ba ce sai suna, dattawan ruga suka yanke shawarar yin kudu da abin da ya rage.

Manu ya zo sallama da safe. Ya durƙusa ya gaida Malam, ya karɓi addu'a, sannan suka fita bayan gari shi da Salmanu. Jakuna na ɗauke da ƙorai da tabarmi, mata na gaba, shanu na tafe ƙashi da fata.

"In ruwa ya dawo za mu dawo," in ji Manu.

"Allah Ya sa."

"Ka gaida min mutanenka na laka."

Ya ɗaga sanda ya bi bayan garken. Salmanu ya tsaya har ƙurarsu ta kwanta.

Ranin nan shirun ya so ya dawo masa. Ma'u ta lura, sai ta riƙa fito da tsofaffin hotuna tana cewa wannan ya koɗe, a sake masa launi, ya tuna mata yadda yake. Ta haka ta riƙe shi har wata bazarar.

Bazarar kuwa ta zo da ruwa tun da wuri, mai yawa. Bayan ruwa na biyu Ma'u ta ce, "Shekara nawa ina shafa musu launi da bakinka. Ina so in gani da idona."

Matan gidan liman ba sa fita sai da dalili. Salmanu ya je ya sami mahaifinsa yana inda-inda. Malam ya ce, "Ganin ikon Allah ai dalili ne. Ku dawo kafin rana ta yi zafi."

Ya ɗauke ta a bayan keke, tana da ciki wata biyar, yana tuƙi a hankali yana kauce wa ramuka. Babu shanun Manu, amma wasu baƙin makiyaya sun shayar da safe sun wuce. Tun daga tudu suka hango kwarin yana motsi. Abin da ya taru ranar, Salmanu bai taɓa ganin irinsa ba, kuma bai sake gani ba. Farare na kwararowa daga kudu kamar an busa audugar rimi, laka ta rufe, rassan kanya sun rufe. Ma'u ta sauka ta taka a hankali har tsakiyarsu. Suka tashi gaba ɗaya suka kewaye ta, suka koma suka sauka, wasu a kan gyalenta, ɗaya a bayan hannunta yana lasar gumi.

Ta ɗago hannun kusa da fuskarta, ta daɗe tana dubawa.

"Malam," ta ce da raɗa, "ashe duk ƙarya muke yi. Wannan rawayar ba ta cikin gangamau. Kuma dubi, da ya motsa sai ta canja."

"Na faɗa miki."

"Ba ka faɗa ba. Cewa ka yi furen kabewa."

Ya nuna mata inda za ta leƙa da abin da za ta danna. Ba ta iya kwanciya ba saboda cikin, sai ta zauna a kan tushen kanya ta ɗauki waɗanda ke kan reshe. Hannunta ya fi nasa natsuwa, hannun mai allura. Gambo da ya wanke fim ɗin ya ware guda ya ce wannan ya fi duka, Salmanu ya ce ba shi ya ɗauka ba.

Shekarun da suka biyo baya abubuwa suka yi ta sauyawa da sauri. Kuɗin mai ya shigo ƙasa, samari suka tafi Kaduna da Legas leburanci suka dawo da rediyo da babur. Kwano ya fara maye gurbin soro da bunu. Fim mai kala ya iso shagon Gambo, Ma'u ta duba hoton farko ta taɓe baki ta ce shuɗin ya yi ƙarfi, amma ta ajiye gashin zabuwarta, ga kuma 'ya'ya sun fara cika mata hannu. Aka sare wasu daga cikin kanyoyin aka yi gona har bakin kwarin, aka fara feshin magani a auduga. Malam-buɗe-littafi ba su daina zuwa ba, sai dai yanzu mutum kan iya ƙirga su.

Manu bai dawo ba. Wata shekara a kasuwar Safana Salmanu ya gamu da wani dillalin shanu da ya ce ya gan shi can ƙasar Kachiya, ya sake tara garke. Salmanu ya jira har ƙarshen bazara, ya shiga mota. Ya sha tambaya daga wannan ruga zuwa waccan kafin ya same shi a gindin wani dutse, ƙasa kore shar, don can ruwa kan riga na Yasore sauka.

Manu ya yi furfura a gemu. Ya tsaya yana kallonsa, sannan ya jefar da sanda ya rungume shi. "Kaɗo! Wa ya nuna maka hanya?"

Aka dama fura, aka shimfiɗa buzu. Manu ya tambayi Malam, aka ce masa ya rasu bara, ya yi masa addu'a. Ya tambayi Ma'u da yara. Sannan ya shiga tambayar itatuwa ɗaya bayan ɗaya kamar dangi: tsamiyar bakin rijiya tana nan? Marken da ke kan hanyar Karare fa? Kanyoyin mashaya? Salmanu ya faɗa masa gaskiya, wadda ke nan da wadda aka sare.

Da safe Manu ya kai shi wani rafi cikin kurmi, ya nuna masa irin na can, manya-manya masu kore da shuɗi, masu tashi sama kamar tsuntsaye. Salmanu ya ɗauki abin da ya iya, yawancinsu ba su tsaya masa ba.

"Ba za ka koma gida ba?" ya tambaye shi a hanyar dawowa.

"Yaran nan aka haife su, nan suka sani. Shanu ma sun saba da ciyawar." Ya ɗan yi tafiya. "Amma nonon can ya fi zaƙi. Kada ka faɗa wa matata."

Salmanu ya so ya ƙara kwana, sai dai hadari na ta yin arewa, shuka kuma ba ta jiran kowa. Manu ya raka shi har bakin titi da ƙullin man shanu a ɗan duma, ya ce a kai wa Ma'u. Suka tsaya a gindin wata ɗorawa suna hirar farashin shanu da ciwon gwiwa har mota ta zo. Ganinsu na ƙarshe ke nan. Salmanu ya iso Yasore ya tarar an yi ruwa a daren jiya, Ma'u ta riga ta fito da irin gero ta zuba a ƙwarya, ya ajiye jaka ya ɗauki sungumi.